Matakalar da Shatu Ta Yi wa Ubanta

Duk wanda ya san unguwar Kara-Kara a Damagaram ya san gidan Shatu mai ƙuli-ƙuli, don a layinsu shi kaɗai ne yake da ɗaki a sama. Ba wani babban gida ba ne. Fili ne ɗan matsattse, da ɗakuna biyu a ƙasa, da rumfar suya a gefe, sai matakala mai ƙashin ƙarfe da takun katako wadda ta tashi daga tsakar gida ta bi bango har sama. Katakon ba ya ƙyalli. Duhu-duhu ne kamar tsohon turmi, kuma in mutum ya sunkuya kusa da shi zai ji wani ɗan wari mai ɗaci. Baƙo yakan ce da an shafa masa fenti da ya fi kyau. Shatu takan dube shi ta ce ba don ido aka yi ta ba.

Ubanta, Malam Ɗanƙarami, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Hamdara. Yana saurayi, bai daɗe da soma noma gayaunarsa ba, wani tabo ya fito masa a baya, tabon da ko an tsokane shi da ƙaya ba ya ji. Tsofaffin gida suka duba suka kawar da kai. Aka ware masa ƙwarya da tabarma, aka hana shi zuwa rijiya. Da kaka ta yi aka ɗora shi a kan jaki aka kawo shi Kara-Kara a bayan gari, inda ake tara masu kuturta. Wanda ya rako shi ko ruwa bai tsaya sha ba, ya juya.

Magani ya zo daga baya, ya sha, ciwon ya mutu a jikinsa. Amma kafin nan ya riga ya ci yatsunsa na hannu da na ƙafa, ya bar masa tafin ƙafa kamar na aro. Ko garwashi ya taka ba ya sani sai ya ji ƙauri. A nan unguwar ya auri Hadiza, 'yar wani makaho, suka haifi 'ya ɗaya lafiyayya sumul. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, wadda bai sake gani ba tun ranar da aka ɗora shi a jaki, shi ya sa ba ya kiran yarinyar da komai sai Uwata.

Shatu ta taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko. Ba ta daɗe ba. Ba don kanta ba ya ja ba, sai don ta gaji da ganin yara suna matsawa ƙarshen benci in ta zauna. Ta koma gindin murhun uwarta ta koyi suyar gyaɗa, da niƙa, da tatsar mai, da murza ƙuli. Da Hadiza ta rasu sana'ar ta zama tata. Takan ɗauki tire da galan ta shiga gari, ta bi Zango da Sabon Gari, har bakin kasuwar Dole. Matan gida sukan ɗanɗana su yaba, sannan su tambaya, "Daga wace unguwa kike?" Sauran 'yan matan Kara-Kara masu talla sun san amsar da ake bayarwa, su ce Garin Malam, ko wata unguwa da ba ta da tabo. Shatu takan ce Kara-Kara, har da ɗan ɗaga murya kamar mai tambayar kurma ce. Wasu su mayar da ƙulin cikin tire su goge hannu da zane. Ba ta roƙe su ba, kuma ba ta sake taka ƙofar gidajensu ba. Waɗanda suka saya duk da haka su ne suka zama masu cinikinta har yau, don manta ba ya da gauraye.

Da maganar aure ta zo ta faɗi sharaɗi ɗaya: ba za ta bar tsohon shi kaɗai ba. Masu nema suka janye, sai Gambo, mai gyaran babur, mutum mai sanyin hali wanda bai damu da a ce ya tare a gidan mace ba. Abokansa suka yi ta yi masa ba'a, ya bar su har suka gaji.

Shekaru suka tafi. Wata bazara aka yi zafin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Bayan azahar tsohon yana kwance a gindin bango, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya yi magana kamar da kansa yake yi. Ya ce da yana yaro shi ne gwanin hawa gawo a ƙauyensu, yakan hau har ƙololuwa ya karkaɗo wa awaki 'ya'ya, daga can yakan hango gonakin garuruwa. Ya ce tun da ciwon nan ya same shi bai sake hawa kan komai ba, ko da turmi ne. "Kullum a ƙasa nake, Uwata," in ji shi. "Duk wanda zai yi mini magana sai ya sunkuyo."

Shatu tana jinsa tana murza ƙuli. Amma daga wannan ranar duk abin da sana'a ta bari sai ya zama bulo, ya zama siminti, ya zama kwano. A hankali ɗaki ya tashi a kan ɗakinta, da ɗan baranda mai kallon gabas. Maƙwabta suka ɗauka na haya ne. Da suka ji na tsohon ne sai magana ta cika layi. Wata ta ce wa ya taɓa ganin an kai kuturu bene. Wani dattijo ya kira ta gefe ya ce tsoho mai irin wannan ƙafa wurinsa ƙasa ne, kada ta jawo wa kanta abin kunya. Ko Gambo sai da ya ce, "Shatu, ki sake tunani. In ya faɗo fa?"

"To sai mu yi matakalar da ba zai faɗo ba," in ji ta.

Ta kira Modu mai walda, wanda rumfarsa take bakin titi. Modu ya auna, ya haɗa ƙashin matakalar da ƙarfe mai kauri, ya yi takun gajeru-gajeru yadda ta ce, ya sa abin dafawa a gefe. Niyyarsa ya shimfiɗa farantin ƙarfe a kowane taki, don haka yake yi wa kowa, ga sauƙi ga ƙarko. Ya kawo ɗaya ya ajiye a tsakar gida don ta gani. Da rana ta take Shatu ta ɗora tafin hannunta a kai, ta janye da sauri.

"Malam Modu, wannan ai tanda ce," ta ce. "Ni na ji na janye. Baba ba zai ji ba, sai dai ya tsaya a kai har ya dahu."

Ba zato take yi ba. Ta taɓa jinyar ƙafarsa wata da watanni saboda wani murfin tukunya da ya taka a rana, ƙunar ta zama gyambo, likita har ya soma maganar yankewa. Modu ya sosa kai ya ce to sai katako. Suka je wurin masu sayar da katako, ta tsince guntayen jan katako daga cikin ragowar da kafintoci suka bari, masu kauri, marasa tsagewa. Aka yanka, aka kankare, aka ɗaure su da kusoshi masu murɗi daga ƙasa don kada kan ƙarfe ya fito inda ƙafa take taka. Abin dafawar kuwa ita da kanta ta naɗe shi da igiyar kaba, don tsohon da gwiwar hannu yake riƙo.

Saura abin da za a shafa wa katakon. Ba a barinsa haka nan, in ji Modu: rana za ta tsaga shi, ruwan damina ya kumbura shi, gara kuma ta zo ta ƙarasa. Ga kuma sartse, wanda in ya shiga ƙafar tsohon ba za a sani ba sai ta kumbura.

Shatu ta shiga wani kantin kayan gini a cikin gari. Mai kantin ya tare ta da fara'a, ya jero mata gwangwanaye, ga fenti kala-kala, ga berni, man nan da yake sa katako ƙyalli kamar madubi. Ya tambaye ta inda za a yi aikin, ko a kai mata. Ta faɗa masa. Sai ya soma mayar da gwangwanayen kan kanta.

"Can ai ba sai kin wahalar da kanki ba," ya ce. "Ki je gareji su ba ki baƙin man da suke zubarwa daga injin mota, ki shafa. Shi ya dace da ku."

Shatu ta ji abin har ƙoƙon ranta. Ta nuna gwangwanin berni mafi girma ta ce ya sauko mata da shi. Ta san ya fi ƙarfinta, ta san gyaɗar da za ta sara a wannan makon ce ta tafi, amma ta ɗauka ta ɗora a ka, ta fita ba sallama.

Ta shafa, ya bushe, ta sake shafawa. Matakalar ta yi ƙyalli har mutum yana ganin inuwar fuskarsa a ciki. Matan layi suka yi ta shigowa kallo, masu cewa ba a kai kuturu bene suna cikin na gaba. Shatu ta bar ƙofa a buɗe da gangan.

Ranar da tsohon zai fara hawa, ya yi alwalar la'asar, ya ce a can sama zai yi salla. Ya rataya gwiwar hannu a igiya, Shatu tana bayansa. Ya taka na farko, ya taka na biyu, yana murmushi. Bai kai tsakiya ba jiƙaƙƙiyar ƙafarsa ta zame kamar ya taka sabulu. Ya taho da baya gaba ɗaya, Shatu ta tare shi da ƙirji, suka zube tare a gindin matakalar. Allah ya kiyaye ba karaya, sai dai ƙaurinsa ya kurje a bakin ƙarfe, jini yana zuba shi bai ma sani ba.

Ta zauna tana wanke masa ciwon. Matan da suka zo kallo suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ta san abin da za su je su faɗa. Tsohon ya bar ta ta gama ɗaurewa, sannan ya ce, "Uwata, in tambaye ki. Wannan ƙyallin, ni kika yi wa ko mai kanti?"

Ta ɗago ta dube shi. Ashe Gambo ya ba shi labarin abin da ya faru a kantin. Ranta ya ɓaci, ta tashi ta shiga rumfa ta yi ta hura wutar da ba ta buƙatar huri. Ba ta yi masa magana ba har washegari. Amma da gari ya waye, kafin ta ɗora kasko, ta fasa kwalba, ta ɗauki ɓallin mai kaifi ta zauna a takin farko ta soma kankare bernin.

Aikin ya ci mata kwanaki. Berni ya riga ya kama, sai ya fita a siraran ɓawo kamar fatar albasa. Yatsunta suka yayyanke, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Gambo ya ce ta haƙura, a mayar da ɗakin na haya, tsohon ya zauna inda ya saba. Ta ce in ya gaji da kallo ya ɗauki kwalba. Ya tsaya jim, sannan ya ɗauka. Da suka gama ta bi kowane taki da takardar yashi har ya yi laushi, ta zagaye bakunan don kada su yi kaifi.

Wannan karon ba ta je kantin kowa ba. Ta ɗebo guntayen katakon da suka rage ta jera su a rana. Ɗaya ta shafa masa ragowar fentin ƙofa da ta samu wurin Modu. Ɗaya ta shafa baƙin man gareji, don kada a ce ta ƙi shi ne kawai saboda wanda ya faɗa. Ɗaya ta shafa man gyaɗarta. Ta bar su suka sha rana, ta yayyafa musu ruwa, sannan ta kawo wa tsohon. Da yake hannunsa ba ya ji, sai ya riƙa ɗaukar kowanne da dungu biyu yana goga shi a kumatunsa, inda jinsa yake daram.

Mai fentin ya ce yana da zafi kuma yana da santsi. Mai baƙin man ya bar masa baƙin tabo a gemu da wuyan riga, ya ce ba zai yi salla da warin mota ba. Mai man gyaɗar ya daɗe yana goga shi, ya ce wannan ya yi, yana da laushi kuma yana riƙe fata. Shatu ta ji daɗi. Sai dai da safe ta tarar kiyashi sun yi masa baƙi ƙirin, kuma ta sani a matsayinta na mai tatsa cewa man gyaɗa in ya daɗe a rana yakan yi wari.

Tana zaune tana kakkaɓe kiyashin sai ta tuna da uwarta. Hadiza takan daka 'ya'yan dogon yaro ta tatsi ɗan mai ta shafa wa buhun wake don ƙwari, ta ce ba abin da ke son ɗacinsa. Lokacin kuwa dogon yaro yana zubar da 'ya'ya, duk gefen titunan gari sun yi rawaya ba mai kulawa. Shatu ta ɗauki buhu ta fita. Masu cinikinta suka gan ta a durƙushe bakin titi tana tsintar abin da awaki ma suke tsallakewa. Labari ya koma unguwa cewa ginin bene ya karya ta, wasu suka ce ta soma taɓuwa. Wata ta tsaya a kanta ta ce, "Shatu, abin har ya kai haka?"

"Ya kai," in ji ta. "Ki ɗan matsa, kin taka mini wasu."

Ta wanke su, ta shanya, ta fasa, ta daka ƙwayar a wani tsohon turmi da ta ware don kada ɗaci ya shiga gyaɗa. Ta kwaɓa da ruwan ɗumi ta yi ta murza kamar yadda take yi wa tunkuza, har mai ya soma tsatsowa, kaɗan-kaɗan, mai duhu, mai wari kamar tafarnuwar da ta ƙone. Ta shafa wa guntun katako ta ajiye kusa da ramin kiyashi. Ba wanda ya hau. Tsohon ya goga a kumatu ya yamutsa fuska saboda warin, ya ce, "Shi ne. Hancina zai saba."

Ta shafa wa matakalar da tsumma, ta bar katako ya sha, ta goge abin da ya rage, ta sake, har ya ƙi sha. Ta bar shi ya bushe sosai. Ta zuba ruwa ta taka da kanta, ta murza ƙafa, ta ji ya riƙe ta. Sannan ta rufe ƙofar gida, ba ta gaya wa kowa ba, ta ce wa tsohon ya zo.

Ya hau a hankali, yana tsayawa yana numfashi. Da ya kai baranda ya zauna a kan buzu. Daga nan ana ganin rufin unguwa duka, da manyan duwatsun gari, da hasumiyoyin masallatai, da motoci ƙanana kamar ƙwaro a kan hanya. Iska tana kaɗa masa riga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta kawo masa butarsa da carbinsa, ba zai sauko ba sai da dalili.

Da damina ta wuce sai ga baƙo daga Hamdara. Garba ne, ƙanen tsohon, wanda yake yaro lokacin da aka kawo yayansa, kuma tun da ya girma bai taɓa neman inda yake ba. Yanzu shi ma ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, an ce ya zo asibiti a yi masa aiki, ba shi da masauki a gari. Ya tsaya a tsakar gida da jakarsa a hannu, ya ƙi zama a tabarma, ya ce a kira masa yayansa.

"Sannu da hanya, Baffa," in ji Shatu. "Yana sama. Mai son ganinsa hawa yake yi."

Garba ya ɗaga kai, ya dubi matakalar, ya dubi ƙasa. Ya san ƙafar da take taka katakon nan. Shatu ta koma ga kaskonta ta bar shi a tsaye. Can sai ta ji ya tuɓe takalmi, ya dafa igiyar, ya soma hawa yana lalube.

Ba ta ji abin da suka faɗa wa juna ba. Ta dama fura ta kai musu a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya. Tsohon ya sha ya tura wa ƙanensa. Garba ya ce ya ƙoshi, a hanya ya sha. Tsohon ya yi mata ido ta ƙyale shi, ya ce a shimfiɗa wa baƙo tabarma. Ta shimfiɗa. Amma da za ta sauka ta ce, "Baffa, gidan nan ba mu da kwanon baƙo daban. Abin da Baba ya ci a ciki, shi nake ci a ciki, shi mijina yake ci a ciki." Garba ya wuni bai ci komai ba, ya kwana haka. Washegari da rana Shatu ta kai musu tuwo, ta dawo ɗaukar kwano ta tarar an suɗe shi tas, da alamar hannu ta ɓangare biyu. Ta ɗauki kwanon ta sauka. Garba ya zauna har aka yi masa aikin idon, Gambo ne ma yake kai shi a babur. Da zai koma ya yi godiya a taƙaice, idonsa a ƙasa, ita kuma ta amsa a taƙaice.

Malam Ɗanƙarami ya yi shekaru a ɗakinsa na sama. Tsofaffin abokansa na unguwa, masu dungu irin nasa, suka mayar da barandar majalisa, kullum bayan la'asar sai ka ji suna hawa suna nishi suna dariya. Ba wanda ya taɓa zamewa. A can ya rasu, wata safiyar Juma'a, bayan gajeriyar rashin lafiya. Maza suka sauko da shi a kan matakalar a hankali, Modu yana gaba yana faɗa musu inda za su sa ƙafa.

Shatu ba ta ba da ɗakin haya ba. Majalisar tsofaffin ta ci gaba, ita ce take kai musu ruwa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka takan tsinci 'ya'yan dogon yaro ta sake shafa wa katakon. A bara Ramlatu, maƙwabciyarta, wadda ɗanta ya aiko da kuɗi daga Agadas a yi mata ɗakin sama ita ma, ta leƙo ta katanga ta ce ko Shatu za ta sayar mata da man nan mai wari.

"Ba na sayarwa," in ji Shatu. "Bakin titi cike yake. Ki je ki tsinto, zan ara miki turmi."

"A gan ni a durƙushe a titi?"

"A gan ki mana," ta ce, ta ci gaba da juya gyaɗarta a kasko.